Zaman Tanti a Mina: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ladubban Zama da Rikicin Wurin Kwana

A masaukin Madina da na Makka mutum huɗu ko biyar ne a ɗaki, akwai ƙofa, akwai makulli. A Mina kuwa katifa na jikin katifa, ga gajiya, ga zafi, ga rashin barci, kuma mutanen da ba su taɓa sanin juna ba za su kwana numfashin wani na dukan ƙeyar wani. Mafi yawan cacar bakin da ake yi a can a kan wurin kwanciya ake yin ta. Waɗannan su ne tambayoyin da maniyyata suka fi yi a wajen bita, da waɗanda ba sa tunawa su yi sai abin ya same su.

Shin kowane alhaji yana da wurin kwana nasa na kansa a Mina?

A tsari, i. Hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON a Najeriya ko COHO a Nijar, tana ƙulla yarjejeniya da kamfanin hidima na Saudiyya gwargwadon yawan alhazan da ta yi wa rajista. Kamfanin ya ware tantuna, hukumar ta raba wa jihohi da kamfanonin jirgin yawo, jiha kuma ta raba wa ƙananan hukumomi ko rukuni-rukuni, maza daban mata daban. Kuɗin tanti da katifa da na'urar sanyi da abincin waɗannan kwanaki duk suna cikin kuɗin kujerar da ka biya.

Sai dai a yawancin tantunan gama-garin alhazai ba a rubuta sunan kowa a kan katifa. Tantin ne na rukuninku. Katifar da ka fara sauka a kai ranar 8 ga Zulhijja, da sanin jami'inku, ita ce ta zama taka har a tashi. Wannan gibin da ke tsakanin abin da ke takarda da abin da ido ke gani shi ne mafarin rigima.

Me ya sa wurin yake da matsi haka, ga kuɗin da aka biya?

Mina kwari ne tsakanin duwatsu, kuma iyakokinta shari'a ce ta shata su, ba a ƙara musu faɗi. A 2024 alhazai sama da miliyan 1.8 ne suka yi aikin Hajji, kuma kusan dukkansu nan za su kwana a darare ɗaya. An kafa tantuna sama da 100,000, an gina wasu benaye a jikin dutse, an faɗaɗa tantuna har ɓangaren Muzdalifa, amma rabon mutum ɗaya bai wuce 'yar siririyar katifa mai faɗin kafaɗunsa ba. Masu tantin A, wato tantunan alfarma, sun fi samun sarari da kusanci da wurin jifa saboda sun biya ƙari mai yawa. Sauran jama'a, da gwamna ya biya maka da kai ka sayar da gona ka biya, katifarku iri ɗaya ce.

Akwai kuma shekarun da wurin da aka bayar bai kai yawan mutane ba. A Hajjin 2023 alhazan Najeriya da yawa sun rasa makwanci a Mina, har hukumar alhazai ta kai koke ga mahukuntan Saudiyya. Ya kamata ka san wannan, domin mutumin da ka tarar a wurinka mai yiwuwa shi ma an zalunce shi ne a wani wuri.

Na dawo daga Muzdalifa na tarar da wani kwance a katifata. Me zan fara yi?

Wannan ya fi faruwa ranar Sallah, 10 ga wata. Jama'a ba sa dawowa tare. Wasu daga Muzdalifa tanti suke fara zuwa, wasu su zarce jifan Jamratul Aƙaba, wasu su wuce har Makka su yi ɗawafi, ba za a sake ganinsu ba sai dare. Duk wanda ya iso a galabaice ya ga katifa ba kowa, jikinsa ne zai kwantar da shi kafin hankalinsa ya yi magana.

Abu na farko, ka tabbatar tantinku ne. Tantunan Mina farare ne, iri ɗaya ne, layukan ma iri ɗaya, kuma mutumin da ya kwana a tsakuwar Muzdalifa yana iya rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba. Ka duba lambar da ke ƙofa, ka duba fuskokin maƙwabtanka na hagu da dama. Ba ƙaramin abin kunya ba ne ka tashi bawan Allah daga barci, a taru, a ƙarshe a gane kai ne ka ɓata.

Idan ka tabbatar, ka ajiye jakarka, ka sha ruwa, ka zauna a bakin katifar ko ta maƙwabci. Kada ka yi magana kana tsaye a kansa. Ka yi masa sallama da muryar da shi kaɗai zai ji: "Sannu da gajiya, Alhaji. Daga wace jiha kake?" Idan dattijo ne ka ce Baba. Wannan tambayar ta fi "wurina ne nan" amfani, domin amsarta ce za ta nuna maka wanda kake magana da shi.

Wani zai ce maka daga jiha kaza yake, ka ga ashe tantinsu na can bayan layi uku. Ɓata ya yi, kuma da kansa zai miƙe yana ba ka haƙuri. Wannan ka raka shi, ko ka haɗa shi da wanda ya san hanya, kada ka nuna masa da baki ka koma ka kwanta. Wani ɗan tantinku ne, an zauna masa a tasa katifar, shi kuma ya zauna a taka. Wannan ku biyu matsalarku ɗaya, sai ku je wajen shugaban tanti tare a warware daga inda ƙullin ya fara. Wani kuma zai yi ta kame-kame, ba katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa, a wuyansa, ba awarwaron shaida a hannunsa, ba ya son faɗin jiharsa. Shi ma kada ka tozarta shi, amma maganarsa ta wuce ta ku biyu.

Ka ba mutum lokacin da zai tattara kansa. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi ba ya gane magana a minti na farko, kuma abin da za ka ɗauka taurin kai ne sau da yawa magagi ne.

Ya ce min ai hadisi ne ya ce Mina ta wanda ya riga zuwa ce. Yana da gaskiya?

Akwai ruwayar. Nana A'isha (RA) ta ce an tambayi Manzon Allah (SAW) ko a gina masa ɗakin da zai yi masa inuwa a Mina, ya ce a'a, Mina masaukin wanda ya riga zuwa ne. Tirmizi da Abu Dawud da Ibn Majah sun kawo ta, kuma malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfinta. Abin da take hanawa shi ne wani ya killace filin Mina ya mai da shi mallakinsa, ya hana alhazai sauka.

Amma ko an tafi a kan wannan hujjar, ba ta goyi bayansa ba. Wa ya riga zuwa? Kai ne ka sauka a wurin tun ranar 8, ka yi salloli a kai, ka bar kayanka ka tafi Arfa kamar yadda kowa ya tafi. A Sahihu Muslim, daga Abu Huraira (RA), Annabi (SAW) ya ce wanda ya tashi daga mazauninsa sannan ya dawo, shi ya fi cancanta da shi. Kuma katifar nan da inuwar tanti da sanyin na'ura ba filin Allah ba ne da ya tarar a sarari, hidima ce da aka biya kuɗinta da sunan mutane ƙidayayyu, hukuma ta raba ta don kada mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. A ganina wanda ya kwanta a wurin tsoho ya kare kansa da wannan hadisi ya juya shi ne gaba ya koma baya.

Duk da haka ba na ba ka shawarar ka tsaya muhawarar hadisi da shi a tsakiyar tanti. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 197, babu jayayya a cikin Hajji, kuma jayayyar da aka yi wa rigar ilimi ta fi saurin zafi. Ka faɗa masa sau ɗaya cikin ladabi. Idan bai karɓa ba, ka kira malamin rukuninku.

Na yi masa magana cikin lalama ya ƙi tashi. Wa zan kai wa ƙara?

Ka bi daga ƙasa zuwa sama. Ka fara da shugaban tanti ko jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku, wanda ke riƙe da jerin sunaye. Idan abin ya fi ƙarfinsa, akwai jami'an hukumar jiha ko wakilin kamfanin jirgin yawon da ya kawo ka. Bayansu akwai ma'aikatan kamfanin hidima da ke ofishin maktab, wato ofishin da ke kula da rukunin tantunanku, da masu tsaron ƙofa, su ne ke da ikon duba katin mutum su fitar da wanda ba na nan ba. Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya tana da lambar karɓar koke, 1966. Lambar 911 ta gaggawa ce, ta gobara ko rashin lafiya mai tsanani ko faɗan da ya kai ga duka, kada a kira ta saboda katifa.

Ka je da maƙwabtanka biyu da suka san nan kake tun ranar farko. Shaidarsu ta fi ɗaga murya tasiri, kuma tana sauƙaƙa wa jami'in, wanda shi ma bai yi barci ba kuma kai ne mutum na ashirin da ya zo masa da irin wannan kuka.

Neman haƙƙinka ta wannan hanya bai saɓa wa haƙuri ba. Akwai masu ce wa mutum "ka bar shi da Allah, ai Hajji ka zo", sai ka ga mai ciwon suga ko hawan jini ya kwana a zaune a bakin hanya saboda kunya. Idan ka yafe don kana iyawa, Allah Ya ba ka lada. Idan jikinka ba zai ɗauka ba, ka nemi wurinka, ba ka yi laifi ba.

Ba ya nan, kayansa kawai na tarar. Zan iya kwashe su in fitar waje?

Kada ka fitar da su waje, kuma kada ka taɓa su kai kaɗai. A cikin 'yar jakar nan akwai yiwuwar guzurinsa, da maganinsa, da wayarsa. Da zarar wani abu ya ɓace, maganar ta tashi daga katifa ta koma zargin sata, kuma wannan a Saudiyya ba abin wasa ba ne. Ka kira shugaban tanti, a gaban mutane a matsar da kayan gefe guda a cikin tanti, a bar wanda zai yi masa bayani idan ya dawo.

Idan tsoho ne ko marar lafiya fa?

A nan lissafin ya canza. Tsohon da ya faɗo tantinku da rana tsaka, leɓɓansa sun bushe, yana magana ba kan gado, ba wurin kwana ya zo ƙwace maka ba, zafi ne ya kusa kashe shi. Ka ba shi ruwa, a jiƙa masa kai da wuya, a kira likitocin tawaga ko a kai shi asibitin da ke kusa. Maganar katifa sai ya dawo hayyacinsa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum 1,301 suka rasu a ƙididdigar hukumomin Saudiyya, kuma yawancinsu tafiya suka yi ta yi a rana ba inuwar da za su fake.

Ko da lafiyarsa ƙalau, idan dattijo ne da ya rasa wuri, samarin tanti su yi shawara a tsakaninsu. Mutum uku masu ƙarfi za su iya karɓa-karɓa a katifa biyu, tunda dama ba lokaci ɗaya ake barci ba. Hadisin Ibn Umar (RA) da ya hana a tashi mutum daga mazauninsa a zauna, a ƙarshensa cewa ya yi ku buɗa, ku yalwata wa juna. Abin da bai dace ba shi ne a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya don an ga yana da kunya.

Ina da ɗan'uwa mazaunin Makka da bai samu tasrihi ba, wato izinin yin Hajji. Laifi ne in shigo da shi ya raɓa da ni?

Tambayar nan tana da nauyi, domin da yawanmu muna da dangi a Makka da Jidda, wasu shekara da shekaru ba a haɗu ba, kuma a al'adarmu ba a rufe wa ɗan'uwa ƙofa. Amma ka duba abin da kake bayarwa. Katifarka ba ta ɗaukar mutum biyu, don haka a ƙarshe a wurin wani zai kwanta. Abincin da za a ba shi kason wani ne. Layin banɗaki ya ƙaru da mutum ɗaya. Idan mutum goma a tanti suka yi haka, mutum goma da suka biya kuɗinsu ne za su kwana a waje, kuma galibi tsofaffi ne 'yan ƙauye da ba su iya faɗa ba. Kyauta da abin da ba naka ba ba zumunci ba ce.

Ga kuma doka. Tun 2024 katin Nusuk ya zama dole ga shiga Mina da Arfa da Muzdalifa. A 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji ba izini, da kora da hana shiga ƙasar shekara 10, sannan tarar da ta kai riyal 100,000 ga wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi mafaka. Ku haɗu a Makka bayan an sauko, ku ci abinci tare, ku yi hira har dare.

Wannan dabam yake da wanda ya faɗo muku a galabaice yana neman ruwa. Shi wannan a taimake shi, ko wane ne, da kati ko ba kati.

Ta yaya zan kiyaye wurina tun farko?

Ka san maƙwabtanka tun daren farko, sunansu da garinsu, ku karɓi lambar juna. Wannan ya fi kowace alama. Mutumin da ka raba dabino da shi jiya shi ne zai ce wa baƙo "akwai mai wurin, ya tafi jifa".

Bayan haka ka rubuta sunanka da ƙaramar hukumarka a takarda ko salatif ka manna a kan katifa ko matashi. Ka bar abin da ba zai dame ka ba in ya ɓata, kamar darduma ko tawul. Kuɗi da waya da magani kuwa su bi ka duk inda za ka. Ka ɗauki hoton lambar tanti da ta maktab da allon titin da ke kusa, ka kuma adana wurin a taswirar wayarka kafin ka fita ko'ina. Wanda ba ya karatu, a rubuta masa a takarda ya sa a jakar wuyansa.

Zan iya kama wa abokina wuri kafin motarsu ta iso?

Idan ɗan tantin ne kuma sunansa na cikin jeri, babu laifi ka ajiye masa katifa ɗaya kusa da kai, musamman idan mahaifinka ne ko wanda kake kula da shi. Abin da ke jawo rigima shi ne mutum ɗaya ya shimfiɗa harami a kan katifa biyar ya ce na mutanensa ne, ko ya mai da katifa guda ma'ajiyar jaka alhali wani na tsaye. Jaka a ƙarƙashin kai take kwana ko wajen ƙafa. Shi ya sa ake cewa a zo Mina da ƙaramar jaka kawai, babbar ta zauna a Makka.

Mun iso mun tarar wata tawaga ta cika tantinmu gaba ɗaya. Sai yaya?

Kada ku shiga a gungu. Mutum hamsin a gajiye suka fuskanci wasu hamsin a gajiye, ba abin alheri da zai fito. Ku nemi inuwa ku zaunar da tsofaffi da mata, shugabanninku biyu ko uku su je da takardar rabon tanti su sami shugabannin waccan tawaga da ma'aikatan maktab. Sau da yawa direba ne ya sauke su a ƙofar da ba tasu ba, ko wani jami'i ya ce su shiga nan kafin a gani. Kuma a kiyaye harshe. Da an fara "ku mutanen jiha kaza haka kuke", ko a koma zagin ƙabila ko ƙasa, maganar ta lalace, kuma za ta bi mutane har gida.

Na rasa wuri sam. Idan na koma masaukina a Makka na kwana, Hajjina ya ɓaci?

Hajji bai ɓaci ba, amma akwai bayani. Kwanan Mina na daren Arfa sunna ne. Kwanan dararen 11 da 12, da na 13 ga wanda bai yi gaggawar fita ba, wajibi ne a wajen mafi yawan malamai. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kai, wanda ya bar mafi yawan dare bai yi shi a Mina ba hadaya ta hau kansa. Hanafiyya suna ganin sunna ne. Annabi (SAW) ya yi wa baffansa Abbas (RA) rangwame ya kwana a Makka saboda shayar da alhazai, kuma malamai da dama na wannan zamani sun yi fatawar cewa wanda ya nema da gaske bai samu wuri ba, ya sauka a inda tantuna suka ƙare.

Abin da ake nema shi ne kasancewa a cikin iyakar Mina, ba lallai sai barci ya ɗauke ka ba, kuma akwai manyan alluna da ke nuna farkonta da ƙarshenta. Kafin ka yanke wa kanka hukunci ka sami malamin tawagarku ka faɗa masa halinka dalla-dalla. Kada kuma ka shimfiɗa tabarma a kan titi ko ƙarƙashin gada inda jama'a ke wucewa. Askarawa za su tashe ka, kuma suna da gaskiya, domin kwanciya a hanya na cikin abubuwan da ke haddasa turmutsitsi.

Ina da damar fita jifa duk lokacin da na ga dama?

Ka bi lokacin da aka ba tantinku. Ranar 24 ga Satumba 2015 ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe ta haura 2,000, kuma Najeriya ta rasa sama da mutum 270, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. Idan mai tsaron ƙofa ya ce ba a fita yanzu, kada ka tsaya yi masa hayaniya ko ka nemi ɓarauniyar hanya.

Mene ne ladabin banɗaki?

Layi ne, kuma kowa a matse yake. Kafin asuba da kafin azahar ya fi tsawo, don haka mai hikima yakan je tsakar dare ko bayan an idar da salla. Kada ka yi wanki a ciki mutane na jira. Kada ka yi ta bugun ƙofa a kan wanda bai daɗe da shiga ba. Ka kora ruwa sosai kafin ka fito, kada ka bar leda ko ƙunzugu a rami, domin rami ɗaya ya toshe layin kowa ya ƙaru. Tsoho ko mai gudawa ko mai ciwon suga ya roƙi a bar shi ya wuce, a bar shi. Silifas kuma ka sa wa naka alama, ka shigo da shi cikin leda ka ajiye wajen kanka, kada a tara su a ƙofar tanti inda za su tuntsurar da mutum da dare.

Rigimar soket da na'urar sanyi da fitila fa?

Soket kaɗan ne, wayoyi sun fi mutane yawa. Wanda ya zo da doguwar waya mai bakuna da yawa ya yi wa tanti sadaka. Wayarka ta cika ka cire. Kada ka zare ta wani ba da saninsa ba, ka tambaya tukuna.

Wanda ke ƙarƙashin bakin na'ura sanyi na damunsa, wanda ke lungu yana zufa. Maganin wannan musayar wuri ne, a mai da tsofaffi masu tari nesa da iska, a kawo masu jin zafi kusa. Kashe na'urar gaba ɗaya zalunci ne ga na lungu. Fitila kuma a yi yarjejeniyar lokacin kashe ta, mai son karatun Alƙur'ani da dare ya yi da hasken wayarsa.

Sai murya. Kiran gida a nuna wa iyali tanti abu ne mai daɗi, amma da ƙarfe biyun dare a fita waje a yi shi. Haka wa'azi da zikiri. A tanti ɗaya za ka sami ɗan Izala da ɗan Tijjaniyya da ɗan Ƙadiriyya, kowa da abin da ya saba. Kowa ya yi nasa daidai kunnensa, nasiha ta gama-gari a bar wa malamin da aka naɗa, a lokacin da aka tsayar. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya yi abin da yake ganin kuskure ne, ya ja shi gefe.

Zan iya zuwa da ɗan risho ko tukunyar gas in dafa shayi?

A'a. An haramta, kuma dalilin yana da ciwo. Ranar 15 ga Afrilu 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, iska ta kwashe ta, sama da mutum 340 suka rasu, kuma an danganta tashinta da tukunyar gas ta girki. Bayan wannan ne aka kafa tantunan da ake gani yanzu, waɗanda aka yi da yadin da wuta ba ta saurin ci. Amma katifa da bargo da harami duk suna ci. Akwai ruwan zafi a wuraren da aka tanada. Garin kunu, ƙuli-ƙuli, dabino, biskit da garin rogo sun isa su riƙe ka idan abinci ya makara. Mai shan taba ya fita can nesa da tanti.

Idan an kawo abinci, zan iya karɓar wa wanda ba ya nan?

Ka karɓa, amma ka faɗi sunansa a gaban mai rabo, kuma ka ajiye masa da gaske. A zafin Mina dafaffen abinci ba ya jimawa, don haka idan ya daɗe bai dawo ba gara a ba wanda bai samu ba da a bar shi ya lalace. An fi samun zaman lafiya a tantin da aka wakilta mutum biyu su karɓo na kowa su bi katifa-katifa, maimakon a yi dafifi a ƙofa inda mai ƙarfi zai ɗauki uku, Baba na lungu ya tashi da hannu wofi.

A ɓangaren mata akwai wani abu na daban?

Duk abin da aka faɗa ya shafe su. Ƙari a kai, namiji ba ya kutsawa tantin mata, ko da matarsa ko mahaifiyarsa na ciki. Ya tsaya a ƙofa ya aika, ko ya kira ta a waya. Idan an zauna wa Hajiya a wuri, jami'a mace ko shugabar tanti ce za ta shiga maganar, kada miji ya zo yana faɗa daga waje. Mai larurar al'ada tana nan a wurinta kamar kowa, tana kwanan Mina tana jifa, ba wanda ke da ikon ce mata ta matsa ta ba masu salla wuri. 'Yan mata da masu ƙarfi su bar wa iyaye katifun da ke kusa da ƙofa, saboda yawan fita banɗaki da dare.

Zan iya ɗaukar bidiyon wanda ya ƙi tashi in sa a Facebook ko TikTok?

Kada ka yi. Mutumin nan yana da 'ya'ya da surukai a gida da za su gani, kuma bidiyon zai daɗe bayan fushinka ya huce. A bayansa ma za a ga wasu kwance, harami ya zame, ba su san ana ɗauka ba. Dokar Saudiyya kuma tana hukunta ɗaukar mutum da yaɗa shi don ɓata masa suna. Idan matsalar ta rashin wuri ce gaba ɗaya kuma kana son hujja, ka ɗauki lambar tanti da cunkoson ba tare da fuskoki ba, ka miƙa wa jami'ai tare da koke a rubuce.

A Arfa da Muzdalifa ma haka tsarin yake?

A Arfa akwai tantuna da aka raba wa tawaga-tawaga, amma yini ɗaya ne, ba a cika rigimar katifa ba, an fi yin ta kusa da na'urar sanyi. A Muzdalifa yawancin alhazai a fili suke kwana, wanda ya riga shimfiɗa tabarma wurin nasa ne. Ka bar hanyar wucewa, kada ka kwanta kusa da tayar mota, kuma mai neman tsakuwa ya duba inda yake taka ƙafa.

Ranar tashi me ake so in yi?

Mai gaggawa ya yi jifan ranar 12 ya fita daga Mina kafin rana ta faɗi. Wanda zai kai 13 yana da haƙƙin a bar masa tanti a mutunce, ba a tafi a bar shi cikin ledoji da ragowar shinkafa ba. Ka tattara sharar wurinka ka kai kwandon shara. Bargo da matashi da katifa na kamfanin hidima ne, a bar su a nan sai idan an ce kyauta ne. Abin da ka tsinta, waya ko jaka ko katin wani, ka miƙa wa jami'in tawaga a gaban shaida. Idan kun sami saɓani da wani a kwanakin nan, ka neme shi ku yafi juna tun kuna wuri ɗaya, domin da an hau mota kowa masaukinsa daban, jirginsa daban. Kafin motar ta tashi kuma a ƙirga mutane da jerin sunaye, a leƙa lungun tanti da banɗaki, saboda a irin wannan rana ce ake mantawa da tsoho yana barci.